Tukunya Mai Ƙafa Uku a Bayan Babur

Har yau idan aka miƙo mini abu, ko da kwanon tuwo ne, sai na ɗan ɗaga shi na ji nauyinsa a hannu kafin in ajiye. Matata tana yi mini tsiya, wai kamar mai cinikin kaza. Ba ta san inda na samo halin ba, don lokacin ba a kawo ta ba. Babur ne ya koya mini, shi da yashin gabashin Baure.

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu ina saurayi, na gama makarantar kiwon lafiyar dabbobi, aikin gwamnati kuma ya ƙi samuwa. Sai na sayi babur irin na China da suka fara cika gari a lokacin, na shiga bin rugagen Fulani ina yi wa shanu allura. Aiki ne da ba a yinsa a koma gida a wuni. Ruga ba ta zama wuri ɗaya, yau a ce maka suna bakin wata fadama, ka je ka tarar da toka da kashin shanu. Ba ta kuma da ɗakin baƙo, bukkokin na mata ne. Saboda haka duk inda magariba ta same ni, nan ne gidana, kuma duk abin da zan rayu da shi sai wanda babur ya yarda ya ɗauka.

Fitata ta farko na tafi kamar mai ƙaura. Na ɗaure 'yar katifa, da risho, da tukunya, da kayan sawa kala-kala, har da madubi, don a lokacin ina ji da kaina. Ban yi nisa da barin kwalta ba yashi ya kama tayar gaba, babur ya yi gefe, na tashi da baki cike da ƙasa, kananzir ya jiƙe katifar sharkaf. Wasu mata masu dawowa daga rijiya suka tsaya suna yi mini sannu suna toshe baki da gefen zane. Daga ranar na fara rabuwa da kaya.

Katifa ta koma buzun akuya, shi ne shimfiɗa, shi ne abin salla. Risho ya koma ashana, tunda daji ba ya rasa ƙirare. Tukunya ta koma 'yar butar shayi wadda bakinta ya lanƙwashe. Guzuri kuwa garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da dabino, sauran ciki nonon ruga ya cike shi. Gidan sauro na daɗe ina kai-kawo a kansa, daga baya muka yi sulhu, da damina ya bi ni, da rani ya zauna gida. Ina da ɗan tamfol da nake ɗaure gefensa ɗaya a jikin babur, ɗayan in kafe shi a ƙasa, ya zame mini inuwa da rana, rufi idan na kwanta. Kayan gyaran babur ne kawai ban taɓa ragewa ba: famfo, faci da gam, sabon tif na cikin taya, filogi da sifana. Cokali ma sai da na yar, na ga hannuna yana nan.

Ba yawan kaya kaɗai ke kayar da mutum ba, har da inda ya ɗora su. Mai nauyi ƙasa ake sa shi, kusa da bayan mai tuƙi. Idan ya hau sama ko ya koma can ƙarshen kariya, wato ƙarfen ɗaura kaya na baya, sai tayar gaba ta yi sakayau, ta riƙa yawo a yashi kamar ba a jikin babur take ba. Wannan ban karanta shi a ko'ina ba, gwiwoyina ne suka biya kuɗin karatun, tabon yana nan.

Abin da ya fi komai nauyi a kayana, kuma dominsa ake tafiyar, shi ne kular maganin rigakafi. Maganin rigakafi ba kamar sauran magunguna ba ne, rai gare shi, zafi yana kashe shi, idan kuma ya mutu da shi da ruwan rijiya duk ɗaya. Ƙanƙarar da ke cikin kula ba ta jure zafin bazara. Don haka nake ɗaukar wata ta ajiya, manyan dunƙule, a binne cikin dusar katako a buhun algarara. Idan ta cikin kula ta fara narkewa sai in fasa wannan in ƙara. Buhun nan nauyi gare shi kamar tunkiya, yana ɗiga, yana ɓata mini wando, amma shi ne ran aikin.

To, duk wannan lissafi nawa ne ni kaɗai. A unguwarmu babur ba na mai shi ba ne, na duk wanda ya ji ƙararsa ne. Da zarar an ga kana ɗaure kaya, masu saƙo sun fito. Wannan ƙullin daddawa, wancan turmin atamfa, wata kuma kaza da ranta. Maganarsu guda ce, ai a kan hanyarka ne. Ka ce Baure za ka, a ba ka saƙon Mashi, a ce ai duk daji ɗaya ne. Lokacin kuwa kowa ya zama mai wa'azi, ko'ina karatu ake yi a kan zumunci da haƙƙin ɗan'uwa. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma na lura masu saƙo sun fi kowa haddace wannan babin, babin da ya hana ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa kuwa kamar an yage shi daga littafinsu. Dabarar da na samo ita ce in ɗaure kayana tun kafin kiran asuba, ana sallame salla in tayar da babur kafin unguwa ta farka.

A cikin Fulanin da nake bi akwai wani dattijo da nake kira Ardo. Ba ardo ba ne, ni na laƙaba masa, shi kuma ya rama da kirana Likita, ga shi dukkanmu ba wanda ya kai sunansa. Mutum ne marar yawan magana, siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa. Shanunsa farfaru ne, ba su kai na 'yan'uwansa yawa ba, amma kowace ya san uwarta da kakarta. Da farko ko kusa da garkensa ba ya bari in je da sirinji. Sai da wata karsana tasa ta kasa haihuwa, na kwana biyu ina kanta har Allah ya raba su lafiya, sannan ya saki jiki da ni. Tun daga nan idan na sauka kusa da su, shi da kansa yake share mini gindin itace, matarsa ta aiko da kindirmo a ƙwarya. Yakan tsaya yana kallon yadda nake ɗaure kaya, yana ganin ina danna tayar baya da babban yatsa kafin in hau. Wata rana ya ce ashe ni ma jakina sai na lallashe shi.

Wata bazara ciwon huhu ya ɓulla a garkunan da suka gangaro daga arewa, ta wajen Kongolam. Ciwo ne da idan ya shiga garke sai ya ga bayansa. 'Yan'uwan Ardo suka yanke shawarar tashi su yi kudu tun kafin ya iso su. Shi kuma ya tako har kasuwar Baure ya neme ni. Na gaya masa abin da na sani: shanu sun rame, tafiya a wannan zafi za ta kayar da wasu, kuma a bakin rijiyoyin hanya ne ake cuɗanya da baƙin shanu a kwashi ciwon. Na ce an yi mini alkawarin maganin rigakafi, idan ya zo garkensa zan fara kawo wa. Ya yi zane a ƙasa da sandarsa.

"Idan ka ce in tsaya, Likita, na tsaya," in ji shi.

Na ce ya tsaya. 'Yan'uwansa suka kaɗa nasu suka tafi, suka bar shi da matarsa da shanunsa, a kan maganata.

Maganin ya zo da ƙyar, daga nesa, ta hannun wani da na daɗe ina bi. Ɗan kaɗan ne, daidai garken Ardo, ba ragi. Na nemo ƙanƙara wurin mai injin wuta, na shirya kula, na binne ta ajiya a buhu, na ɗaure komai a zaure kamar yadda na saba. Na je masallaci da niyyar ana sallamewa in kama hanya, in isa ruga kafin la'asar.

Da na dawo sai na tarar da Babana a ƙofar gida tare da Baffa, yayansa. Babana mai sayar da yadi ne a cikin gari, mutumin kirki mai kunya, irin kunyar da kullum a kan wani take sauka. Baffa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sa har ya yi furfura ba ya iya haɗa ido da shi. A gabansu kuwa ga tukunyar kakarmu a ƙasa. Tukunyar ƙarfe ce irin ta dā, baƙa, mai ƙafa uku, wadda sai mutum biyu suke ciccibarta. A cikinta ake dafa ruwan wankan jego na duk matan gidanmu tun kafin a haife ni. An cika ta da ƙullin kanwa da yaji, ga kuma rabin buhun gero a jingine da ita.

'Yar Baffa ce ta haihu a wani ƙauye can bayan Baure, kashegari suna. Motar ƙauyen sai ranar kasuwa take shiga, kuma ranar kasuwa bayan suna take. Baffa ya ce ai ga ɗan nan zai fita, a kan hanyarsa ne, sai ya sauke mata. Ba a kan hanyata ba ne. Ƙauyen yana kudu da inda za ni, ta wata hanya mai yashi da ko amalanke ba ta son bi.

Na durƙusa na gaishe su, na ce Baffa ya yi haƙuri, babur ya cika, kuma abin da na ɗauko ba ya jira. Baffa bai ko dube ni ba, ƙaninsa ya duba. Babana ya zagaya babur ya tsaya a kan buhun da ke ɗiga.

"Wannan mene ne?"

"Ƙanƙara ce, Baba."

"Ruwa ke nan. Sauke ruwa ka ɗauki kayan 'yar'uwarka."

Na yi bayani iya yina. Na ce idan babu wannan buhu maganin zai mutu, na ce akwai mutumin da ya bar 'yan'uwansa suka tafi saboda ni. Baffa ya yi 'yar dariya ya ce ikon Allah, yau shanun daji sun fi jinin mutum. Ya ce wannan shi ne karatun boko, a koya wa yaro tausayin dabba a cire masa na 'yan'uwa. Mutane sun fara fitowa daga masallaci suna rage tafiya. Na ga fuskar Babana ta canza, na san an gama.

"Ban taɓa sa ka abu a gaban yayana ka tsaya gardama ba," in ji shi, a hankali. "Kada ka fara yau."

Wanda zai ce me ya hana in ƙi, bai tashi a gidanmu ba. Na kwance robar da hannuna na sauke buhun. Baffa ya ce kada a yi asarar ƙanƙarar, a kai gidansa a zuba a randa, zafin nan ya yi yawa.

Tukunya mai ƙafa uku ba a yi ta don kariyar babur ba. Duk yadda aka juya ta sai ta ƙi zama. A ƙarshe gero ya hau inda buhun ƙanƙara yake, tukunya ta hau can baya a sama, na ninke tamfol na sa mata a ƙarƙashi. Wato mai nauyi ya koma sama, ya koma ƙarshe, daidai inda na sha faɗuwa kafin in koyi kada a sa shi. Kowa a wurin ya zama gwanin ɗauri, wannan ya ce a ja nan, wancan ya ce a ƙara igiya. Kafin a gama rana ta ɗaga. Na danna tayar baya da yatsa na ji ta kwanta. Baffa ya ce in gaida masu jego, in kuma kula kada a ƙwarzane tukunyar.

A kan kwalta abin da sauƙi, sai dai kan babur da ke rawa a hannuna. Da na sauka yashi sai wahala ta fara. Ƙa'idar yashi ita ce a rage wa taya iska don ta baje. Na rage, nauyi ya matse tif ya fashe. Na sauke komai na yi faci, na sake ɗaurewa ni kaɗai, tukunyar da mutum biyu suka ɗora. Ban yi nisa ba ya sake fashewa, na sa sabon. Rana ta tsaya a ka, iska kamar daga bakin murhu. Kowane tsayi sai in cire rigata in lulluɓe kula da ita, in tsaya tsakaninta da rana. Wajen azahar, a wani gangare, na ji ƙarar siraran wayoyin da ke riƙe da tayar baya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Taya ta lanƙwashe ta kama jikin babur. Faci ina da shi, famfo ina da shi, amma ba wanda ke yawo da wayoyin taya, don babur ɗin da aka yi wa kaya daidai ba ya tsinka su.

Na yi tunanin in tura tukunyar cikin sabara in rungumi kula in tafi da ƙafa. Amma ruga ta yi nisan da ƙafa ba za ta kai ni ba kafin ƙanƙarar ta ƙare, kuma da tukunyar kakarmu ta ɓata a hannuna, da har jikokina sai an gaya musu. Sai na shiga jigila. In kinkimi tukunya in kai gaba in ajiye, in dawo in ɗauki gero, in dawo in ja babur. Babu gida, babu mutum, wayar hannu kuwa lokacin ko a cikin gari sai wane da wane. Haka na yi ta yi har rana ta yi ja.

A gindin wata aduwa na yada zango. Na warware tamfol na tarar ƙafafun tukunya sun huda shi wuri uku. Na haƙa rami a yashi har na taɓo sanyi, na sa kula a ciki, na jiƙa rigata da sauran ruwan shan da ke 'yar jarkata na rufa mata, ni kuma na yi taimama. Kafin in rufe ramin sai na ɗan girgiza kular a kusa da kunnena. Da safe idan na yi haka ƙanƙara ce ke bugun gefe, ƙwas-ƙwas. Yanzu ruwa na ji yana kai-kawo. Na yi magariba, na kasa hura wutar shayi. Na zauna a kan buzu, ga tukunya a gabana ta kafa ƙafafunta a yashi, ko ƙwarzane babu. Ban taɓa tsanar abin da ba shi da rai ba kamar yadda na tsane ta a wannan yammaci.

Kashegari da hantsi wani mai amalanken shanu ya biyo ta wurin. Ya dube ni, ya dubi tukunya, ya dubi babur, ya tambaye ni ko gudun hijira nake yi. Na ba shi labari a taƙaice. Ya taya ni muka loda komai, shanunsa suka ja mu har ƙauyen, a tafiyarsu ta ba-ruwanmu.

Mun shiga ana tsakiyar suna, an yanka rago, mata sun cika gida. Abin da na fara gani a tsakar gidan shi ne rabin duro a kan wuta, ruwa yana tafasa da ganye a ciki. Mai jego tun ranar da ta haihu take wanka, safe da yamma, da me Baffa yake zaton ana dafa mata ruwan duk kwanakin nan? Ya sani sarai. Ba don wanka aka aiko tukunyar ba, don a gani ne, dangin miji su san yarinya tana da gida. An kuwa gani. Mata suka kewaye ta suna cewa kai, irin ta mutanen dā. Uwar mijin ta ce a kai ta bayan rumbu kada yara su yi tuntuɓe. 'Yar'uwar tawa ta leƙo daga ɗaki, ta ga yadda na koma, ta ce wayyo Yaya, da ba ka wahalar da kanka ba, ai muna da duro. Ita kaɗai ce a cikin wannan magana ban riƙe da komai ba.

Mai facin ƙauyen ya ciro wayoyi daga wata tsohuwar taya ya ɗaura mini, ya buga tawa ta ɗan miƙe. Ban tsaya cin naman suna ba, abin da aka daɗe ana yi mini gori a kansa. Babur da ya rabu da tukunya sai ya koma kamar tsuntsu, yashin da ya ci mini wuni guda na ratsa shi ban ko sa ƙafa a ƙasa ba. Wannan ya ƙara mini baƙin ciki.

Na isa ruga da la'asar sakaliya. Ardo ya tara shanun tun jiya, ranar da yake sa ran zuwana, ya kafa turaku, ya tanadi igiyoyi. Ya share mini gindin itace. Na sauke kula a gabansa na buɗe. Kwalaben suna iyo a ruwa. Na gaya masa gaskiya, na ce ƙanƙara ta ƙare mini a hanya, wannan ko na yi musu ba abin da zai tsare. Ya tsuguna ya tsoma yatsunsa a ruwan, ya ji shi da ɗumi kamar na alwalar tsoho.

"Ya mutu ke nan?"

"Ya mutu, Ardo."

Bai tambaye ni dalili ba. Ya miƙe ya kwance igiyoyin da ya ɗaura, ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya. Can sai ga matarsa da ƙwaryar kindirmo kamar kullum. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na ce zan koma in nemo wani, ya ce to. Tafiya kudu kuma ta wuce masa, rijiyoyin hanya duk baƙin shanu sun sauka a kansu.

Wani maganin bai samu da wuri ba. Na yi ta zarya, a ce gobe, a ce jibi, har makonni suka shige. Ranar da na koma da shi, da ƙanƙara buhu guda da ba wanda ya isa ya taɓa, tun daga nesa na ji tarin. Shanun suna tsaye sun buɗe ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, suna nishi. Rigakafi ba ya yi wa wadda ta riga ta kamu komai. Na yi wa masu sauran lafiya, na ba marasa lafiya abin da nake da shi, na yi kwanaki a gindin itacen nan ina kallo suna faɗuwa. Mahauta suka ji labari suka zo da amalanke, suna saye kamar suna yi masa alfarma. Karsanar da na taɓa ceta tana cikin na farko. Kafin ruwan sama ya sauka, abin da ya rage masa bai kai a kira shi garke ba, su ma daga baya ya sayar ya ci da iyali.

Da na gaya wa Babana, sai ya ce haka Allah ya ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, da ita aka haife ni. Amma wannan ƙaddarar na ga waɗanda suka ciccibo ta suka ɗora mini a kariya, na san sunayensu. Baffa kuwa abin da ya dame shi shi ne an ce geron ya ragu a hanya, kuma na ƙi zama a ci suna, na kunyata shi a gaban surukai. Har ya koma ga Allah bai taɓa tambayar yadda shanun suka ƙare ba. Babana ya rayu shekaru bayan haka, muna gaisawa, ina yi masa duk abin da ɗa yake yi, amma maganar nan ba mu sake taɓa ta ba. Na yafe masa don uba ne. Zafin dai bai tafi ba, ƙarya ne in ce ya tafi.

Na kai babur wurin mai walda na sa ya yanke rabin kariyar, ya bar daidai kula da buhu. Unguwa ta ce na zama marowaci mai yanke zumunci, wata tsohuwa ta daina amsa gaisuwata saboda ƙullin kuka da na ƙi ɗaukar mata. Ban damu ba. Tukunyar kuma na sake ganinta da na je wani sunan a ƙauyen, tana nan bayan rumbu inda aka ajiye ta, kaza tana kwanci a ciki.

Ardo na daɗe ban gan shi ba. Na ji an ce ya ajiye matarsa a gefen wani ƙauye kusa da Baure, shi kuma yana bin kasuwanni. Sai wata ranar kasuwar Mai'Adua na hango shi a kara, inda ake cinikin shanu, yana riƙe da igiyar bijimin wani dillali. Aikinsa ke nan yanzu, riƙe wa mutane shanunsu har a gama ciniki. Gemun ya yi fari duka. Shi ya fara ganina, ya ce Likita, da fara'arsa, ya tambayi gida, ya tambayi Babana. Muka koma inuwa muka zauna. A hannunsa akwai 'yar baƙar leda, sukari ne da ganyen shayi da sabulu, ya ce na matarsa ne, yana jiran ya sami mai zuwa wajensu.

Na ce ai gobe can za ni, ta ƙofar gidansu zan wuce. Wannan karon gaskiya ne, a kan hanyata ne. Na karɓi ledar na ɗaga ta a hannu, ba ta kai nauyin butar shayina ba. Ardo ya dubi babur ɗina da ke jingine, ya dubi guntuwar kariyar. Ya miƙa hannu ya danna tayar baya da babban yatsa, yadda ya saba ganin ina yi. A nan na gane ya san komai, mai amalanke ya daɗe da baza labarin tukunya a daji. Ya karɓe ledarsa daga hannuna a hankali.

"Bar shi, Likita," in ji shi. "Kada in ƙara maka nauyi."

Na roƙe shi, na ce don Allah. Ya yi murmushi ya cusa ledar a aljihun rigarsa. Dillalin ya ƙwala masa kira, ya tashi ya koma ya kama igiyar.

Kashegari na bi ta ƙofar gidan nasu, na ga matarsa a waje tana shanya. Ban tsaya ba, don ba ni da abin da zan miƙa mata.